Inda Gani Bai Kori Ji Ba: Ciwon Ɓarin Kai da Matuƙin Jirgin Sama

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. A kan wannan karin magana aka gina kusan dukkan binciken da likita yake yi wa mai neman izinin tuƙa jirgin sama. Ba a tsayawa tambayarsa ko idonsa yana gani, sai a tsai da shi gaban allon haruffa a ce ya karanta. Ba a tsayawa tambayarsa lafiyar zuciyarsa, sai a manna masa wayoyi a ƙirji, na'ura ta zana bugunta a kan takarda. Haka ake yi wa kunne da jini da fitsari. Duk abin da mutum ya faɗa game da jikinsa, akwai ma'aunin da zai gaskata shi ko ya ƙaryata shi. Sai dai akwai wasu 'yan cututtuka da suka gagari wannan tsari, domin babu ma'aunin da yake kama su, kuma ciwon ɓarin kai yana sahun gaba a cikinsu. A nan ji kaɗai ya rage wa likita. A kan wannan ciwo, da yadda yake shiga tsakanin saurayi da sararin samaniya, muke son mu tattauna da mai karatu a fitowar bana.

Wataƙila wani ya ce, ina ruwan malamin adabi da sha'anin likitoci da matuƙa? Dalilanmu biyu ne. Na farko, mu ma muna cikin masu ɗauke da wannan ciwo tun muna makarantar sakandare, mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Na biyu, duk inda hukunci ya rataya a kan labarin da mutum ya bayar da bakinsa, to an shigo gonarmu, domin labari da mai ba da shi su ne abin da muke nazari kullum tare da ɗalibai a aji.

Ciwon da Sunansa

Abin sha'awa ne yadda al'ummomi daban-daban suka haɗu a kan suna guda. Galen, likitan nan Bagirke na ƙarni na 2, ya kira shi hemikrania, wato rabin ƙoƙon kai, kuma daga wannan kalma ce sunansa na Turanci da na Faransanci suka samo asali. Larabawa suka ce shaƙiƙa, daga tushen kalmar da ke nufin tsagawa biyu. Bahaushe kuma ya ce ciwon ɓarin kai. Kowa ya lura da abu guda, watau ciwo ne da yakan zaɓi gefe ɗaya na kai ya yi ta sara kamar ana daka a turmi.

To amma saran kai ɗaya ne kawai daga cikin halayensa. A shekarar 1988 ƙungiyar likitocin ciwon kai ta duniya ta fitar da ƙa'idojin gane shi. Ana so a ce ya taso wa mutum aƙalla sau biyar, kowane tashi yana ɗaukar awa 4 zuwa 72 idan ba a sha magani ba. Yakan zo da bugu kamar na ganga, motsi yana ƙara shi, ga tashin zuciya ko amai, ga ƙin haske da ƙin ƙara. Wanda ya san shi ya san yadda ƙarar cokali a kan faranti take zama kamar an buga guduma a kunne. Kimanin mutum ɗaya cikin bakwai a duniya yana fama da shi, kuma mata sun ninka maza kusan sau uku. Yakan fara ne wajen shekarun balaga, ya yi ƙarfi a tsakiyar rayuwa, wato daidai shekarun da mutum yake koyon sana'a yana kuma cin moriyarta.

Mai karatu ya sake duba waɗannan ƙa'idoji da kyau. Babu guda a cikinsu da za a iya ɗebowa a kwalba a kai ɗakin gwaji. Idan aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mai wannan ciwo, galibi lafiya lau za a gan ta, kuma ana ɗaukar hoton ne domin a tabbatar ba wata cuta ce ta daban ta ɓuya a bayansa ba. Sau nawa, tsawon wane lokaci, ta wane gefe, da me yake zuwa: duk amsoshin a bakin mai ciwon suke.

Walƙiya Kafin Hadari

Akwai kuma wani sashe na ciwon wanda shi ne ya fi tayar wa likitocin jiragen sama hankali. Tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na masu ciwon, wani ɗan aike yakan riga saran kan isowa. Likitoci suna ce masa aura, mu kuwa a wannan rubutu za mu kira shi walƙiya, domin haka yake zuwa gabanin hadari.

Bari mu bayyana yadda take zo mana. Mukan kasance a tsaye gaban aji muna karanta baiti daga littafi, sai mu ga harafi guda ya ɓace daga tsakiyar kalma. Babu baƙin tabo a wurin, babu duhu, harafin ne kawai babu shi, kamar ba a taɓa rubuta shi ba. Mu ɗaga kai mu dubi ɗalibin da ke gaba, sai mu ga fuska babu hanci. Bayan 'yan mintoci sai gurbin ya faɗaɗa, gefensa ya ɗauki wani zane mai lanƙwasa da kusurwoyi, yana ƙyalli yana rawa, yana tafiya sannu a hankali zuwa gefen ido. Rufe ido ba ya korar sa, domin ba a idon yake ba. Bayan minti ashirin ko talatin sai ya fice, gani ya dawo, sa'an nan saran ya sallama. Wani likitan Ingila mai suna Hubert Airy ya zana tasa walƙiyar a shekarar 1870, ya kamanta ta da ganuwar birni idan an hango ta daga sama. Duk wanda ya taɓa bin badala da ƙafa, ya ga yadda take karyawa nan ta juya can, zai gane abin da yake nufi.

Masana sun bi sawun wannan abu. A shekarar 1941 wani masanin halayyar ɗan Adam Ba'amurke, Karl Lashley, wanda shi ma yana da ciwon, ya riƙa zana walƙiyarsa yana duba agogo, har ya lissafa cewa wani abu ne yake rarrafe a kan sashen gani na ƙwaƙwalwa, can ƙeya, da saurin milimita 3 a minti guda. Shekara uku bayan haka, a 1944, wani ɗan ƙasar Birazil, Aristides Leão, ya ga irin wannan igiya a ƙwaƙwalwar zomo: ƙwayoyin jijiya su yi tartsatsi gaba ɗaya, sa'an nan su yi tsit na ɗan lokaci, abin yana yaɗuwa kamar gobarar daji mai barin toka a bayanta. Tartsatsin shi ne ƙyallin da muke gani, tokar kuwa ita ce gurbin da harafi yake ɓacewa. Idan igiyar ta bi ta wani sashen, sai hannu ko leɓe ya yi mutuwar wucin gadi, ko magana ta sarƙe, mutum ya san abin da yake son faɗa amma kalmar ta ƙi zuwa. Wani lokaci ma walƙiyar takan zo ta wuce ba tare da kai ya sara ba.

Mu idan ta zo mana, abin da sauƙi. Mukan rufe littafi mu ce wa ɗalibai su tattauna baitin a tsakaninsu, mu jingina da tebur har ta wuce. Iyakar asarar ita ce rabin darasi.

Daga Aji zuwa Ɗakin Tuƙi

Yanzu sai mai karatu ya ɗauki wannan rabin awa ya kai ta ɗakin tuƙin jirgi. Mu da muke zaune a nan Kudu, da yawa daga cikinmu mun san tafiyar Legas zuwa Kano, wadda ba ta cika wuce awa ɗaya da rabi ba. Daga lokacin da jirgi ya fara gangarowa har tayarsa ta taɓa ƙasa, abin bai fi minti ashirin zuwa talatin ba, wato daidai tsawon walƙiya guda. A ƙarshen gangarowar jirgin fasinja yana gudun kimanin kilomita 250 a awa, yana cin mita 70 a kowace daƙiƙa. Idan lokacin hunturu ne, hazo ya rufe gari, matuƙi ba ya ganin titin sauka sai ya zo daf da shi. Dogaronsa duka yana kan lambobin da ke allon gabansa: tsayi, gudu, alƙibla. Lambobin nan kuwa da tsakiyar ido ake karanta su, inda harafinmu yake ɓacewa. Idan lamba guda ta faɗi daga tsakiyar 1,500, me ya rage? Idan jami'in hasumiya ya ba da umurni ta rediyo, harshe kuma ya sarƙe, wa zai amsa? Ƙididdigar hatsarin jiragen sama ta daɗe da nuna cewa tashi da sauka su ne lokutan da suka fi haɗari, ko da yake su ne mafi gajarta a tafiyar.

Daɗin daɗawa, aikin kansa cike yake da abubuwan da ke tsokano ciwon. Masu fama da shi sun san abokan gabarsu: ƙarancin barci ko sauya lokacinsa, tsallake abinci, ƙishirwa, haske mai kashe ido, gajiya da damuwa. Matuƙi kuwa yau ya yi sammako tun kafin asuba, gobe ya kwana a sama, jibi ya farka a ƙasar da agogonta ya saɓa da na jikinsa. Iskar da ke cikin jirgi an matse ta ne daidai da ta tudu mai tsayin ƙafa 6,000 zuwa 8,000, alhali garin Jos da muke ganin yana bisa tsayinsa kimanin ƙafa 4,000 ne kawai. Busasshiya ce kuma kamar ta tsakiyar hunturu. Ga rana a saman gajimare, babu abin da yake kare ta. In da za a ce wani ya zauna ya tsara sana'ar da za ta tayar da ciwon ɓarin kai, da wuya ya fi haka.

Abin da Doka Ta Ce

Ba kowace ƙasa ce take yin gaban kanta a wannan sha'ani ba. A shekarar 1944 aka ƙulla yarjejeniyar Chicago, wadda ta haifi hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, mai mazauni a Montreal ta ƙasar Kanada. Ita take shimfiɗa mizanin lafiyar matuƙa, ƙasashe kuma su zuba shi cikin dokokinsu. Nijeriya ta shiga cikinta a 1960, kuma hukumar NCAA, wadda aka kafa a 1999, ita take ba da lasisi, ita kuma take amincewa da likitocin da za su duba matuƙa. Mai tuƙin haya yana bukatar takardar lafiya mai daraja ta ɗaya. A mizanin ICAO ana sabunta ta duk wata 12, a rage zuwa wata 6 ga wanda ya kai shekara 60, ko wanda ya kai 40 yana ɗaukar fasinja shi kaɗai. Akwai kuma wani sharaɗi da ya hau wuyan matuƙin kansa: duk ranar da ya san lafiyarsa ta ragu yadda za ta iya shafar aikinsa, haramun ne a gare shi ya tashi, ko da takardarsa ba ta ƙare ba.

Likitocin wannan fanni suna da wani lissafi da suke kira ƙa'idar kashi ɗaya cikin ɗari, wadda aka tsara a Ingila cikin shekarun 1980 saboda masu ciwon zuciya. Ga yadda take. Shekara tana da awa 8,760, a cike ta zuwa 10,000. Idan a cikin matuƙa ɗari masu wata cuta mutum ɗaya ne kawai za ta kayar a shekara, to yiwuwar ta kayar da wani a cikin wata awa guda ɗaya ce cikin miliyan. Lokacin haɗari, wato tashi da sauka, an ƙiyasta shi kashi ɗaya cikin goma na tafiya. An kuma ƙiyasta cewa a cikin faɗuwa ɗari, mataimakin matuƙi zai karɓi tuƙi lafiya sau 99. Idan aka haɗa, sai a sami hatsari ɗaya cikin awa biliyan guda, wannan kuwa an yarda a zauna da shi.

To ina matsayin mai ciwon ɓarin kai a wannan lissafi? Wanda ciwon yake tasar masa sau ɗaya a wata, ba a maganar ko zai zo a bana, sau 12 zai zo. Ke nan idan yawan zuwan kaɗai za a duba, babu mai ciwon da zai tsallake. Abin da ya sa wasu suke tsallakewa shi ne, ƙa'idar tana magana ne a kan abin da yake kayar da mutum farat ɗaya. Saboda haka likita yakan juya ga wasu tambayoyi. Yana zuwa da walƙiya ko kuwa? Yana yin sallama tun da nisa, har mutum ya sami sukunin cewa yau ba zai tashi ba, ko faɗowa yake kamar shaho? Idan ya zo, kwantarwa yake ko ana iya ci gaba da aiki? An san abin da ke tsokano shi, kuma ana iya kauce masa? Yaushe rabon da ya zo? Wane magani ake sha?

Wannan tambaya ta ƙarshe tarko ce mai baki biyu, domin sau da yawa maganin ya fi ciwon hana tashi. Amitriptyline, da ake bayarwa don rigakafi, yana sa barci. Topiramate yana rage kaifin tunani, har yakan sa kalma ta ɓace wa mutum a baki. Codeine da tramadol kuwa ba a ma kawo maganarsu kusa da jirgi. Wanda aka fi yarda da shi a rigakafi shi ne irin su propranolol, wanda asalinsa maganin zuciya da hawan jini ne. Dangin sumatriptan, da ya shigo kasuwa a 1991 ya zama ceto ga miliyoyin mutane, hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta yarda a sha shi, amma da sharaɗin a yi awa 24 ba a tashi ba. Ita wannan hukuma ta ba likitocinta damar su miƙa takarda nan take ga wanda ciwonsa bai wuce sau ɗaya a wata ba, mai sauƙi ne, ba ya zuwa da jiri ko suma ko ruɗewar hankali ko alamu irin na shanyewar ɓarin jiki. Wanda nasa ya wuce haka, sai a tura takardunsa sama a yi nazari. A Turai kuma akwai wata hanya ta tsakiya, inda ake rubuta wa matuƙi a takardarsa cewa ba zai tashi ba sai tare da wani ƙwararren matuƙi a gefensa. A taƙaice, sunan ciwon kaɗai ba ya rufe ƙofa. Halinsa ake dubawa, halin nan kuwa mutum ɗaya ne ya san shi.

Tambayar Wani Saurayi

A hutun bara ɗan wani amininmu ya zo gaishe mu. Yaro ne mai hazaƙa, yana tsakiyar koyon tuƙi a wata makaranta, mahaifinsa kuwa sai da ya sayar da gonar gado kafin kuɗin makarantar su cika. Ya ci gwajin lafiya na farko babu ko tangarɗa. Bayan an gama gaisawa sai muka ga ya ƙi tashi, yana ta murza hularsa. Can ya ce, “Baffa, na ji Baba yana cewa kana da ciwon ɓarin kai. Shin kafin ya zo kakan ga wani abu?”

Muka ce ya faɗi abin da shi ya gani. Ya kwatanta mana ganuwar nan tamu, kusurwa bayan kusurwa, kamar tare muka zana ta. Sau biyu ta zo masa, duka a makon jarrabawa, duka yana ƙasa. Lokacin sabunta takardarsa ya kusa, akwai kuma layin da ake tambayar ciwon kai a fom ɗin. Waɗanda suka girme shi a harkar sun ce masa kada ya kuskura ya ce e, domin babu na'urar da za ta tona shi. Ya ce, “Baffa, gonar Baba fa?”

Ba mu yi masa wa'azi ba, domin ya san duk abin da za mu faɗa. Mun ɗauko jarida muka ce ya kafa ido a kan kalma guda, muka ɗora babban yatsa a kanta, muka ce ya karanta. Ya yi shiru. Muka ce, “Ɗana, mu idan haka ta same mu, ɗalibai arba'in ne suke jiranmu a kan benci, kuma bencin a ƙasa yake. Kai su wa za su jira ka, a ina kuma?” Muka kuma gaya masa abin da muka sani na doka, cewa faɗar gaskiya ba lalle ne ta zama ƙarshen tafiya ba, amma ƙaryar da aka sa wa hannu, ranar da ta fito, ita ce ƙarshen.

Ya je ya ce e. Likita ya dakatar da takardarsa, ya tura shi wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, aka ɗauki hoto aka ga babu komai, aka ce ya riƙa rubuta barcinsa da abincinsa da duk wani ciwon kai a littafi, ya dawo bayan wasu watanni. Har lokacin da muke wannan rubutu yana jira, 'yan ajinsu kuwa sun yi gaba. Babu wanda ya yi masa alkawarin komai. Gaisuwar mahaifinsa gare mu ta ɗan yi sanyi tun daga lokacin, mun kuma fahimci dalili. Gona ba ƙaramin abu ba ce.

Mai Ba da Labari da Amanarsa

A darasin ƙagaggen labari mukan koya wa ɗalibai cewa ba kowane mai ba da labari ake sakar wa jiki ba. Akwai wanda yake karkata zance domin yana da abin da zai samu ko zai rasa. Gizo na tatsuniya shi ne uban wannan gida, kuma muna yi masa dariya ne saboda ƙaryarsa ba ta wuce bakin ƙurunƙus. Matuƙin da yake zaune gaban likita an sa shi a matsayin da ya fi na kowane mai ba da labari wuya. Shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne kuma wanda hukuncin zai faɗa wa. Abincinsa da sunansa da dukiyar da iyaye suka zuba duk suna rataye a kan kalma guda.

Ba zato muke yi ba. A wani bincike da aka buga a Amurka a shekarar 2022, an tambayi matuƙa 3,765, sai kashi 56 cikin ɗari suka amsa cewa sun taɓa guje wa likita ta wata fuska, ko ɓoye wani abu, don tsoron rasa takardarsu. Wannan kuwa a ƙasar da tambayar yawan ciwon kai ita ce ta farko a jerin cututtukan da ke fom ɗin, kuma yin ƙarya a cikinsa yana iya jawo ɗaurin shekara 5 ko tarar dala 250,000. Ashe tsananin horo bai isa ya buɗe baki ba. Duniya ta ga iyakar inda ɓoyo yake kaiwa ranar 24 ga Maris, 2015, sa'ad da jirgin Germanwings ya faɗi a tsaunukan Faransa da mutum 150. Larurar mataimakin matuƙin ta ƙwaƙwalwa ce, babu abin da ya haɗa ta da ciwon ɓarin kai, amma masu bincike sun tarar da takardar likita a yage a gidansa, wadda ta ce bai dace ya yi aiki ba a ranar. Bayan wannan ne Tarayyar Turai ta wajabta wa kamfanonin jiragen sama su kafa tsarin da matuƙi zai iya kai kukansa a asirce ya sami taimako.

Mu kuma muna da namu ƙarin nauyin. An tashe mu a kan dauriya. Yaro ba ya kuka a wurin kaciya, namiji ba ya raki, kuma wanda ya kwanta saboda ciwon kai sai a ce rago ne. Manomi yakan ɗaure kansa da ƙyalle ya koma kan kunya, a yaba masa, kuma ya cancanci yabon, domin idan ya faɗi shi kaɗai ya faɗi. Wannan ɗabi'a ta raya mu a wurare da dama. Sai dai ba a yi ta domin wanda yake ɗauke da rayuka ɗari da hamsin a bayansa ba. A can, wanda ya ɗaga waya da asuba ya ce yau a nemi wani, ya fi wanda ya cije ya hau jarumtaka.

Amma zalunci ne a ɗora wa saurayi nauyin duka. Idan hukuma da kamfani suna son gaskiya, sai su rage mata tsada. Matuƙin da ya san cewa dakatarwa tana da iyaka, cewa akwai hanyar dawowa a rubuce, cewa akwai inshorar da za ta riƙe iyalinsa idan lasisi ya tafi, cewa ba za a yi masa kallon malalaci ba don ya ce ba shi da lafiya, shi ne zai yi magana. Wanda kuwa ya san kalma guda za ta jefa shi titi, zai sayi maganinsa a kemis ya sha a ɓoye, wataƙila ma irin mai sa barcin. A nan dokar da ta fi tsanani ita take haifar da jirgin da ya fi haɗari.

Kammalawa

Ga ɗalibanmu da ƙannensu masu sha'awar wannan sana'a, wadda tun kafa kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya a 1964 take jan hankalin samarinmu da 'yan matanmu, shawararmu kaɗan ce. Wanda ya san yana da ciwon kai mai dawowa, ya ga likitan da hukuma ta amince da shi tun kafin a sayar da gona, ya kuma faɗi komai. Ya riƙe littafi yana rubuta ranar da ciwon ya zo, da abin da ya gabace shi, da tsawon zamansa, domin labarin da aka rubuta a kan lokaci ya fi wanda aka tuno nauyi a wurin likita. Ya kiyaye barcinsa da abincinsa da shan ruwa, kada kuma ya mai da maganin kemis abin sha kullum, domin yawan shan maganin ciwon kai shi kansa yana haifar da ciwon kai. Idan ƙofar ta buɗe, madalla. Idan ta ƙi, harkar jiragen sama gida ce mai ɗakuna da yawa, akwai injiniyoyi da masu tsara tafiya da masu hasashen yanayi, kuma babu jirgin da yake tashi sai da su.

Mu fasinjoji kuwa, idan muka zauna muka ɗaura ɗamara, mukan ɗauka cewa ƙarfe da inji muka ba amana. Akwai wata amanar da ta riga wannan, wadda aka ƙulla watanni kafin ranar, a wani ƙaramin ofis, lokacin da likita ya ɗaga kai daga takarda ya yi tambayar da ba shi da hanyar tabbatar da amsarta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Allah ya ba masu amsawa ƙarfin zuciya, ya ba masu tambaya adalci, ya kuma sauke mu lafiya.